Ba a Gaya wa Ɗorawa Ba

…kuma ba wanda ya gaya mata. Abin da ke cin raina ke nan, Kaka, ba saran ba. Su sare, na yarda. Ni ma daga wannan tagar ina ganin yadda ɗorawar ta karkata tun ruwan makon jiya, da kwari ya cinye ƙasar gindinta ya bar saiwoyi a waje. Ɗakin Wakil ne a ƙarƙashinta, maƙwabcinmu, shi da matarsa Kellu da 'ya'yansu. Mutanen da suka tsere wa bindiga tun daga Borno, a ce ɗorawar gidana ce za ta danne su a nan unguwarmu ta Barunde? A'a. A sare. Amma a gaya mata mana!

Wa zai gaya mata? Ni ce mai gaya mata. Ni Edna, da ake jin muryata daga bakin titi in ina kiran yaro… ga ni a katifa tun Ista, ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace. Magana tana nan a kaina tsaf, ko ɗaya ba ta ɓace ba. In ta zo maƙoshi sai ta narke ta koma gurnani da yawu.

Jiya Jesse ya tsaya a ƙofar ɗakina da waya a kunne. Ɗana, shi kaɗai nake da shi. "Iro, gobe da safe ka zo da injinka na yankan itace." A ƙofata, Kaka, ya ba ni baya. Ba mugunta ba ce, na san ɗana. Haka ake yi mini yanzu. A asibiti ma haka likita ya yi — tana ci? tana barci? — Jesse yake tambaya, ni kuwa ga ni ido biyu ina kallon maɓallin rigarsa.

Ga Iron can ya iso. Ina jin babur. Ina jin suna gaisawa, suna dariya, wani yana jan igiya a ƙasa.

Ke kika koya mini, can gida a gindin dutse, ina riƙe da bakin zanenki. A je da yamma, ana gobe za a sara. A dafa jikinta da tafin hannu. A faɗi suna, a faɗi sunan uba, don ta san da wa take magana. A faɗi dalili, na gaskiya, ba a yi wa itace ƙarya. Sai a ce wa na ciki su kwashe — tsuntsaye, zuma, da waɗanda ido ba ya gani — a nuna musu inda za su koma. A zuba gari da ruwa a gindi. A gode. Shi ke nan fa! Abin da ba zai kai dahuwar shayi ba.

Yamman ya wuce jiya ina kwance ina kallon silin.

Kawu… da ya dawo daga soja da takalminsa mai nauyi. Ya yi miki dariya har da riƙe ciki, wai tsohuwa tana neman izinin icce. Ya ɗau gatari ya nufi kiryar bakin gona. Kowa ya ga inda ta dosa, gabas, sai ta juya a sama ta biyo shi. Ƙafar nan haka ya yi ta janta har kabari. Mutane suka ce iska ce. Wasu suka ce fushi ta yi. Ke kina daka masa magani kika ce ba fushi ba ne, firgita ce. Wanda aka tasa daga barci da gatari, ina ya san inda zai faɗi?

Jesse ne zai riƙe igiyar. Na ji shi da kunnena, shi da Wakil za su ja ta wajen fili don kada ta bi ta kan ɗakin. Wajen fili… wato inda suke tsaye. Mai ja ai kansa yake jawowa. Ɗana zai tsaya a gaban itacen da ba a gaya wa komai ba, ya ce mata taho.

Ya Yesu. Ya Yesu, ka ga ni.

Kada ki harare ni, Kaka, na san ba sunan da kike kira ba ne. Na bar da yawa daga naki. Layun nan na ƙone su, kazar da ake yankawa a gindin dutse na bari, na shiga zumuntar mata, ni ce mai buga tulu shekara da shekaru. Fasto ya ce Ubangiji shi kaɗai ake bauta wa, na ce amin, har yau ina cewa. To amma wa ya ce gaisuwa bauta ce? Kullum ina gaida Kellu ta kan katanga, na taɓa bauta mata? Wanda ya yi ni shi ya yi ɗorawa. Ta riga ni zuwa nan ma. Da muka zo da Baban Jesse duk wajen nan gonakin dawa ne, ita kaɗai a tsaye. Ya ce a cire ta a samu wurin ɗaki, na ce mu ne baƙi, mu za mu matsa. Muka matsa. Shi ya sa gidan nan yake a karkace, baƙo ya shigo ya yi ta mamaki.

Da Baban Jesse ya rasu wa ya riƙe mu? Dangi? Hmm. Kalwarta ce. Na dafa, na wanke, na rufe ta ruɓa, gida ya yi ta wari, Jesse yana toshe hanci yana cewa a makaranta ana kiransa ɗan mai daddawa. Daddawar ce ta yi maka takalmi, ja'iri. Ban taɓa kwashe ta tas ba. Na sama na jemagu ne, su suke zuwa shan zaƙin furenta in ya yi ja, su ma da aikinsu. In zan sa ƙugiya sai na ce, sannu, Edna ce, na zo kuma…

Ƙofa. Millicent ce, surukata, da kofin kunu.

"Mama, ki sha kafin ya huce. In kin ji ƙara kada ki tsorata, aiki ake a waje."

Taga — ina nuna mata taga da hannun hagu. Duba, 'yata, duba can. Itacen. Ki kai ni. Ki kira Jesse. Bakina yana ta aiki, abin da ke fita ni kaina ba na son ji. Tana kallona da tausayi, tana goge mini haɓa da bakin zanenta. Yarinyar kirki ce, wallahi, ko 'yar cikina sai haka.

"Hayaniya ce ta dame ki ko? Bari in rufe."

Ta rufe tagar. Ta rufe! Ta fita.

Injin yana tari. Iro ya ja, ya yi tari, ya mutu. Ya sake ja. "Oga, fulogi ne, bari in goge." Goge, ɗan albarka, goge a hankali. Allah ya sa ya ƙi tashi har azahar.

Kunu… na gero ne. Gari ne da ruwa ai, dafawa kawai aka yi. Zai yi, ko Kaka? Ba ki ce lalle sai ɗanye ba. Ko kin ce? Ban tuna ba. Zai yi.

Katifar a ƙasa take tun da na taɓa faɗowa daga gado. Gara haka. Kofi tukuna — in tura shi gaba. Sai gwiwar hannu. Sai in ja. Wannan ɓarin, wayyo, kamar buhun masara da ruwa ya jiƙa aka ɗaura mini. Taho mana. Tare muka yi noma da kai, tare muka haifi yaron nan, yau za ka ce ba ka san ni ba?

Tura. Ja. Kunun ya fallatsa, rabi ya tafi a leda. Bar shi.

To in na isa me zan ce? Su koma ina? Nan ne ya tsaya mini. A gida sai ki nuna da hannu, ga kanya can, ga tsamiya can, ku je ku zauna lafiya. Nan fa? Duk an sare. Gawayi, bulo, shago, shago, shago. Ruwa ya sauko daga tudu bai sami mai tare shi ba, ya haƙa kwarin da yanzu yake cin gidajen mutane, mu kuma muna cewa ruwa ya yi ɓarna. Zuman da ke cikin kogonta su je ina? Kurciyoyin nan? Da su… waɗanda ba na kiran sunansu?

Mangwaron Kellu. Ɗan ƙarami ne, bai wuce katanga ba, da ruwan wanke-wanke ta raine shi. Za ta yarda. Ita ta san abin. Ta taɓa ba ni labari muna tsince kalwa, ranar da suka gudu tukunya tana kan wuta, ba wanda ya ce musu gobe za ku tashi. Ta ce har yau abin da ke mata ciwo ba ta yi wa gidan sallama ba. Ta ce mahaifinta ma ba ya sa kwalekwale a tafki sai ya gaida ruwa, ga shi mai salla ne, goshinsa har da tabo. Na ce ashe ku ma. Muka yi dariya.

Ku koma mangwaron Kellu. Ku yi haƙuri da ƙanƙantarsa, zai girma.

Dokin ƙofa. Haske ya soke mini ido. Ga ɗorawar can… da nisa, Kaka. Da ƙafa taku kaɗan ne, na yi shi da tulu a ka, na yi shi da ciki. Yau tsakar gidan nan ya fi mini hanyar Kaltungo tsawo. Ga Jesse can da igiya naɗe a hannu. Ya naɗe ta a hannu! Wa ya koya maka haka? Kwance ta, in ta fizga da kai za ta tafi — Jesse! Jesse!

Gurnani. Ko kazar da ke kusa da ni ba ta ɗaga kai ba.

Ba zan kai ba. Ƙirjina zai fashe. Kuncina a kan siminti, ga sanyi, ga tsaga…

Tsagar nan. Saiwarta ce. Ita ce ta ratso tsakar gida ta fasa simintin ƙofata, Jesse yana ta mita duk shekara zai sa a datse, ina hana shi. Ga ta, kauri kamar damtse, ta ɗago bayanta waje. Duk shekarun nan, ɗorawa, ina cewa ni nake zuwa wurinki. Ashe ke ma kin taho, a hankali, ta ƙarƙashin ƙasa, har bakin ɗakina.

Tafin hannu. Ga shi, na hagu ne, ki yi haƙuri, shi ya rage. Kunu — ɗan abin da ya saura a gindin kofi, na tsiyaya a kan saiwar. Sha.

Edna ce. 'Yar… sunan Baba, sunan Baba… ya zo, na faɗa, kin ji shi. Za a sare ki yau. Ba don kin yi laifi ba. Ƙasa ce ta gudu ta bar ki, kuma akwai yara a ƙarƙashinki. Ya kamata in zo jiya, ban iya ba. Na ciki ku fita, ku fita yanzu, ga mangwaro can. Na gode. Na gode da takalmin yarona. Shi ne mai igiyar, kin san shi, ya sha hawanki yana sato garinki bakinsa duk rawaya. Kada ki firgita. Ki kwanta a fili a hankali, ki bar mini shi.

Ko ɗaya bai fita ba. Ko ɗaya. Leɓena kawai ke rawa a kan siminti.

Yana ƙirguwa, Kaka? Abin da aka faɗa a ciki? Ke da murya kike yi, har na bayan gona suna ji. Amma ita ma ai ba ta taɓa buɗe baki ba, kuma ban taɓa rasa gane ta ba — ranar da take jin ƙishi, shekarar da ta gaji ta ƙi haihuwa…

Injin ya kama.

Wayyo. Ga shi a tafin hannuna. Tun daga can, ta cikin ƙasa, saiwar tana rawa. Haƙoran injin sun shiga jikinta.

"Jesse! Mama ta faɗi! Jesse!" Millicent ce ke ihu. Ƙafafu a guje. Ya saki igiyar — ya sake ta, ga hannunsa da jan shatinta, ga shi a kaina yana haki, warin mai da zufa.

"Mama! Me ya fito da ke? Me kike nema a nan?"

Zai ɗaga ni. A'a. A'a! Wuyan hannunsa — na kama. Wannan hannun ya daka kalwa shekara da shekaru, bai mutu ba tukuna. Sauko. Sauko nan. Taɓa.

Yana ja, ina ja. Ya bari. Tafinsa a kan saiwa, nawa a kan nasa, kunu yana manne mana yatsu. Ka ji? Ka ji yadda take karkarwa? Kana ƙarami kana tsayawa a bayana da kwando, kana kwaikwayona kana dariya, sannu, Jesse ne, na zo kuma. Ka tuna. Kai kake da baki yanzu. Ni na kawo hannu, kai kawo baki.

Ya dubi kofin. Ya dubi saiwar. Ya dube ni — ni, cikin ido, rabon da ya yi haka tun Ista.

Bakinsa yana motsi. Injin ya cika duniya, ba na jin komai. Da ni yake? Iro yake kira ya tsaya? Ko da ita…

Na gaji, Kaka. Hannuna yana zamewa. Nasa dai yana nan a kai.