Kwamfutar Baba da Rigarta

Mijina Ra'afat mutum ne da in an ce ya canza ƙwan fitila sai ya ce a bari sai Juma'a. Amma ranar da aka ce yayansa Midhat zai zo hutu daga Kuwait, da kansa ya taka kujera ya sauko da tsohuwar kwamfutar marigayi mahaifinsu daga saman kabad, saura kaɗan ya karya ƙugu.

Na san abin da ke cinsa, ko da yake bai faɗa ba. Tun rasuwar tsohon ba su yi maganar kirki da Midhat ba. Jirgi ne ya makarar da Midhat bai sami jana'iza ba, Ra'afat kuwa ya tare shi a bakin ƙofa ya gaya masa maganar da har yau ba na son maimaitawa. Tun daga nan sai gaisuwar Salla, ita ma ta bakin uwarsu. Mijina ya yi nadama, amma mazan gidan nan sun gwammace su haɗiye cokali da su ce a yi haƙuri. Dabarar da ya ɓullo da ita wani wasan ƙwallo ne da ke cikin kwamfutar, wanda suke bugawa suna yara, mutum biyu a kibod ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. A lissafinsa, in dai suka zauna suka buga, sauran zai zo da kansa.

Kwamfutar ta tashi lafiya lau, har da waƙarta ta dā. Surukata Hajja Nawal tana jin waƙar ta shige ɗaki, ta fito da rigar ulu koriya da ta saƙa wa akwatin kwamfutar tun zamanin marigayi. A gidanmu ba a barin kaya tsirara. Talabijin da rigarta, injin wanki da tasa, tukunyar gas ma har da geza. Ta zura wa akwatin rigar nan ta zauna ɗas, babu ƙofa sai ta maɓallin kunnawa da ta faifai.

Wasan ya fara da kyau. Ana cikin gudu sai hoton ya sandare, ɗan wasa ƙafa a sama, ihun 'yan kallo ya koma kukan sauro. Aka kashe aka kunna, ya ɗan taɓa gudu, ya sake sandarewa.

Ra'afat ya kai ta wurin Usta Girgis, mai gyara a bayan tashar jirgin ƙasa ta nan Tanta. Usta ya ce katin hoto ne, wato ɗan allon da ke fitar da hoto zuwa gilashi, tsufa ya kama shi. Ya share masa fanka, ya sake masa man da ke taimaka masa shan iska, ya bar wasan yana gudu har la'asar, ko gezau. Aka dawo gida, kafin shayi ya huce ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya tsaya. Aka koma. Usta ya canza wasu 'yan gwangwanaye da suka kumbura a jikin katin, ya sake zuba manhaja, a shago tana gudu kamar amarya za ta gidan biki. Da Ra'afat ya ce a sa sabon kati, Usta ya ce na yanzu ba sa shiga wannan rami, irin na dā kuwa sai an yi cigiya, kafin a samo baƙon ya koma. A zuwa na ƙarshe ya dafa kafaɗar mijina ya ce, "Ya ustaz, a nan lafiyarta ƙalau. Gidanku za ka duba."

Sai aka shiga duba gida. Wutar lantarki aka fara zargi, aka kashe mini firij da rana tsaka har man shanuna ya narke. Aka zargi teburin, aka zargi taga, ni ma an zarge ni wai ina goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Na ce masa in ya ƙara faɗa, shi da kwamfutar za su kwana a shagon Usta. Hajja Nawal kuwa ta ce mugun ido ne, na matar bene na uku da ta ga ana hawa da akwatin, ta turara shi da lubban ta rataya masa shuɗin dutse. Kuma duk fitar da za a yi da shi sai ta tuɓe rigar ta ninke, kada ƙurar titi ta ɓata mata aiki, in an dawo ta mayar. Babu wanda ya ga wani abu a cikin wannan, har ni mai baki.

Ranar zuwan Midhat na dafa agwagwa da miyar lalo da mahshi, wato naɗin ganyen kabeji da shinkafa a ciki, don in wasa ya ƙi, a sami abin sa baki. Aka ci abinci ana hirar zafin Kuwait da zafin Tanta, kowa yana kallon uwarsa in zai yi magana. Na ji tausayin mijina ranar, gumi har cikin kunne. Da aka kawo shayi ya dubi ƙasa ya ce, "Yaya, kwamfutar Baba fa tana tashi."

Midhat ya miƙe. Ƙatti biyu masu tumbi suka matsu a benci ɗaya, yatsu a kibod ɗaya. Ba a jima ba na ga Midhat ya fara fito da harshe gefe, Ra'afat yana ture masa gwiwar hannu. Midhat ya yanke 'yan baya, ya rage shi da mai tsaron gida, ya ɗaga ƙafa zai buga, sai hoton ya sandare.

Kukan sauron nan ya cika falon. Ra'afat ya shiga lissafa wa bango abin da Usta ya gyara, na tabbata ya riga ya ga yayansa a jirgi. Midhat dai yana kallon akwatin. Ya zura hannu ƙarƙashin ulun, ya fizge shi da sauri yana yarfewa, sannan ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Kai, da riga kake kunna ta? A wannan zafin?"

Ra'afat ya ce ai da rigarta ya san ta tun yana yaro.

"Kana yaro kana wawa," in ji Midhat. "Duk ranar da za mu buga sai Baba ya jira Mama ta tafi kasuwa ya tuɓe ta. Ni ne mai gadi a baranda. Ya ce katin nan shaƙewa yake yi in bai sha iska ba, amma kada wanda ya gaya mata, ta sha wahalar saƙar. Kai ba a gaya maka ba don bakinka ba ya riƙe ko ruwa."

Ashe Hajja Nawal tana tsaye a bayanmu da farantin kankana. Ta ajiye shi a hankali.

"Na san yana cirewa," ta ce. "Kullum a baibai yake mayar da ita. Ni na ɗauka launin ne bai yi masa ba. Na saƙa ja ya cire, na saƙa ruwan ƙasa ya cire, wannan koriyar ita ce ta ƙarshe. Na yi ta jin haushinsa ban faɗa ba."

Babu wanda ya yi dariya. Ta matsa ta cire rigar da hannunta, ta bar shuɗin dutsen a inda yake don ba a wasa da ido, ta zauna a kujerar marigayi ta shimfiɗa ulun a cinya tana shafawa. Ta ce mutumin nan har ya koma ga Allah bai iya buɗe baki ya faɗi abu ba, ga shi ya haifi irinsa har biyu.

Ra'afat ya share fuska da bayan hannu. Ya juya wajen yayansa ya fara, "Yaya, maganar da na gaya maka ranar nan..."

"Na ji," Midhat ya ce. "Kunna. Kuma ƙwallon nan ta shiga, da ɗaya nake gaba."

Ra'afat ya ce wallahi ba ta shiga ba, ƙafa a sama aka tsaya, ga Mama shaida. Hajja Nawal ta ce ita ba ta ga komai ba. Aka kunna, fankar katin tana juyawa a sarari, suka yi ta bugawa suna zagin juna har aka kira magariba, hoton bai tsaya ba. Ni na koma kicin na kunna firij ɗina.