Injiniya Ya Ce Ba Laifi

Taƙaitaccen bayanin al'amarin, yadda hukuma za ta so a rubuta shi, ga shi. A daminar shekara ta dubu biyu, shekarar da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Jihar Zamfara, wani kwalbati da mutanen Tungar Wakili ta ƙasar Zurmi suka gina da aikin gayya ya rufta da mota a kansa. An yi asarar rayuka. An kai ƙara, an saurari shaidu, an sallami kowa. Wanda aka yi ƙararsa ɗalibi ne mai suna Mubashir, ɗan aji huɗu a sashen koyon aikin injiniya na gadoji da hanyoyi, a jami'a a Zariya. Abin da aka tuhume shi da shi kalmomi biyu ne da ya faɗa a bainar jama'a, yana tsugune.

Sauran bayanin ba ya shiga takardar hukuma, domin ba a tanadar masa gurbi ba.

Mubashir maraya ne. Kawunsa, Alhaji Hashimu, wan mahaifiyarsa, mutumin Tungar Wakili mai fataucin hatsi a kasuwar Kaura Namoda, shi ya riƙe shi tun yana firamare. Shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, lokacin da kowane mai jawabi ke cewa sabuwar jiha tana bukatar 'ya'yanta masu ilimi, yaron ya sami gurbi a jami'a. Alhaji ya dubi gidansa, ya ga ɗansa na cikinsa, Hafizu, ya fi gane mudu da buhu, ɗan ƙanwarsa kuwa ya fi gane alƙalami, sai ya raba musu aiki yadda ya gani. Hafizu ya tafi rumfa, Mubashir ya tafi Zariya. Tun ranar da ya hau mota a tashar Kaura garin ya daina kiran sunansa. Ya zama Injiniya tun bai ga ƙofar aji ba. In ya zo hutu akan kawo masa rediyon da ya mutu da injin ban ruwa mai tari, shi kuma ya yi ta bayanin cewa fanninsa na gada ne da titi. Sukan saurara da ladabi, su gyaɗa kai, su tafi su bar masa rediyon.

Tsakanin Tungar Wakili da babbar hanya akwai rafi. Da rani yashi ne zalla, ko jaki ba ya rage tafiya saboda shi. Da Agusta kuwa yakan cika ya raba garin da duniya, mai naƙuda ta haihu a bakin gaɓa, hatsin da aka yi cinikinsa ya kwana a rumbu. Alhaji Hashimu ya yi niyyar gina kwalbati a wurin, sadaka mai gudana. Ya sayi siminti da rodi, samari suka yi gayya, aka ɗauko Maitama magini, wanda ya gina masallatai da shaguna masu yawa, babu ɗaya da ya taɓa faɗuwa, babu kuma ɗaya da ruwa ya taɓa bi ta ƙarƙashinsa.

Mubashir ya zo hutu ya tarar an gama, ana shirin buɗewa. Da la'asar ya tafi shi kaɗai ya sauka cikin rafin. Ya kankare gefen bangon da ɗan makulli, kankaren ya zubo kamar ƙanzo, domin yashin da aka kwaɓa da shi rabinsa laka ne. Ya ga bakin rodi guda ya leƙo, siriri, irin wanda ake sa wa taga. Ya tona gindin bangon da hannu, bai yi nisa ba yatsunsa suka wuce ta ƙarƙashinsa: harsashin a kan yashi yake zaune. Ya ɗaga kai ya dubi alamar da ambaliyar bara ta bari a jikin itatuwan gaɓa, ya dubi ƙofar da aka bar wa ruwan, ya ga ba ta kai rabin abin da zai zo ba. Ba sai da lissafi ba. A aji uku an koya musu yadda ruwa ke yashe ƙasan gini har ya bar shi tsaye a kan iska, ya kuma ci wannan jarrabawar da maki mai kyau.

Ya yanke shawarar zai sami Kawu a keɓe. Kawu kuwa a kwanakin nan ba ya keɓewa. Zaurensa cike yake da baƙi daga Kaura da Gurbin Bore, masu zuwa taya murna.

Ranar buɗewa aka shimfiɗa tabarmi a bakin rafin. Mai gari ya zo, liman ya yi addu'a, aka raba goro. Alhaji Hashimu, cikin babbar riga fara, ya ɗago hannu ya yafuto ɗan ƙanwarsa. Mubashir ya cire takalmi ya tsuguna a gabansa.

"To, Injiniya," in ji Alhaji, da muryar da na nesa ma zai ji. "Ga aikin iyayenka nan. Mu ba mu yi boko ba. Kai da ka yi, mi ka gani?"

Mubashir ya dubi tabarma. Ga mai gari, ga liman, ga Maitama yana murmushi da siminti a faratansa, ga samarin da suka ɗauki tsakuwa a ka cikin zafin bazara. Ga kuma mutumin da ya ciyar da shi tun bai san ciwon kansa ba, yana jiran yabo daga bakin da ya ciyar.

"Ba laifi, Kawu," ya ce.

Duk wanda ya yi aikin ofis a ƙasar nan ya san wannan magana ba ta da nauyin da za a ɗora kaya a kanta. Ita ake faɗa wa mai abincin da gishiri ya yi wa yawa, ita ake faɗa wa telan da ya gajarta hannun riga. Ma'anarta, an gani, ba za a ce komai ba. Amma ranar akwai sanƙira, aikinsa kuwa ɗaga magana ne, ba auna ta ba. Ya juya ga jama'a ya buɗe murya.

"Jama'a, kun ji! Injiniya ya duba! Injiniya ya ce ba laifi!"

Aka yi kabbara. Mata daga nesa suka rangaɗa guɗa.

Da Mubashir ya koma gida ya gaya wa mahaifiyarsa, Kulsumu, abin da ya gani a rafin, tana tankaɗen gari. Ba ta ɗago ba.

"Yanzu so kake ka je ka ce wa Yaya aikinsa banza ne? Bayan an yi addu'a?"

"Inna, kwalbatin zai faɗi ne."

"Kai ka riƙe shi, ko Allah? Ya kai ka makaranta ka dawo ka tsinka shi gaban mutane, sai a ce ɗiyan wa? Ka bari ƙura ta lafa."

Sai ya nemi Hafizu. Shi ne ke hawa motar da ke kai hatsin Alhaji kasuwanni, shi ne kuma mutum guda a gidan da Mubashir ke iya gaya wa magana ba a tsugune ba. Matsalar ita ce su taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, kuma tun suna yara babu maganar kirki da ta taɓa shiga tsakaninsu. In ɗaya ya yi sabuwar riga ɗayan zai ce ta aro ce. Ranar da Hafizu ya yi aure, Mubashir ne ya yi wa amarya jaje.

Ya same shi a ƙofar gida yana ɗinke bakin buhu.

"Hafizu, ka saurare ni. Kwalbatin nan ba zai kai kaka ba. In ruwa ya cika kada ku hau shi da kaya."

Hafizu ya ajiye basilla ya dube shi, sai ya fashe da dariya.

"Awo! Hassada ta motsa. An yi gada ba a jira bawana ya ƙare karatun shekara ɗari ba."

"Wallahi da gaske nake."

"Har da rantsuwa? Kai, ka iya. To gaban mai gari mi ka ce?"

"Gaban Kawu ne. Me kake so in ce?"

"Ka ga ni ba Kawu ba ne, shi ya sa ka kawo mani shirmen. Injiniyan rediyo! Wanda Ado direba ya kawo maka tun bara, ya yi magana?"

"Harsashin a kan yashi yake, Hafizu. Zo mu je in nuna maka."

"In bar buhunan ubangidanka in bi ka tonon yashi? Kama nan, riƙe mani bakin buhun, ka yi aikin da za a gode maka yau."

Mubashir ya riƙe masa bakin buhun. Hafizu ya ɗinke yana dariya, har da share hawaye, yana cewa wannan zolayar ta fi ta bara.

Hutu ya ƙare. Mubashir ya koma Zariya da niyyar in ya dawo zai zo da wani malaminsu, mai furfura, wanda Kawu zai iya jin magana daga bakinsa ba tare da an ji kunya ba. Niyya ce mai kyau, kuma an tsara ta da hankali. Damina dai ba ta san da ita ba.

Wata Alhamis cikin Agusta, ranar kasuwar Shinkafi, aka wayi gari rafin ya cika yana lasar saman kwalbatin. Ado direba ya tsayar da a-kori-kura a bakin ruwa, ya fito ya duba, ya ce shi dai ransa bai kwanta ba, a jira ya janye. Waɗanda suka tsira sun ba da shaida iri ɗaya a kan abin da ya biyo baya. Hafizu ya leƙo daga saman buhuna ya ce, "Haba Ado! Kai ka fi Injiniya sani? Gaban kowa ya ce ba laifi. Mu tai, kasuwa na ci." Fasinjoji suka goyi bayansa. Ado ya yi bisimilla ya shiga. Ƙafafun gaba sun haye.

An sami gawar Hafizu da yamma, can ƙasa, a cikin gonar wani Bafillace.

Muhtari, wanda ƙanensa na cikin mamatan, shi ya kai ƙara sabuwar kotun shari'a yana neman diyya. Bai yi ƙarar Alhaji ba, domin ba a ƙarar mai sadaka, balle wanda ya binne ɗa. Bai yi ƙarar Maitama ba, domin Maitama bai taɓa cewa ya yi karatu ba. Ya yi ƙarar wanda ya duba.

Alƙalin dattijo ne mai haƙuri. Ya tambayi Mubashir ko shi injiniya ne, ya ce a'a, ɗalibi ne. Ko shi ya tsara ginin, ya ce a'a. Ko an ba shi lada don ya duba, ya ce a'a. Alƙali ya gyara zama.

"Saura tambaya ɗaya, yaro. Da ka duba aikin nan, ka ga aibu a cikinsa ka ɓoye, ko ba ka gani ba?"

Alhaji Hashimu na zaune a benci na gaba. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, carbi na hannunsa amma ba ya ja. Tun ranar jana'iza abu guda ke riƙe da shi: cewa ya yi aiki mai kyau don Allah, ruwa ne ya fi ƙarfin aikin. Amsa guda za ta karɓe wannan daga hannunsa, ta gaya masa cewa da rodin taga ya gina abin da ya ci ɗansa, kuma yaron da ya raina ya sani ya yi shiru. Mutum ɗaya da zai iya shaidar an yi gargaɗi yana kabari, ya tafi yana zaton wasa ne.

"Allah Ya gafarta Malam," in ji Mubashir, "ban gani ba. Karatuna bai kai nan ba."

Alƙali ya ce ba a kama mutum da abin da bai sani ba, ya yi wa jama'a nasiha a kan ɗora wa ɗalibi rawanin malami, ya yi wa mamata addu'a, ya sallami ƙarar. Hukunci ne mai kyau bisa abin da aka gabatar.

A waje Alhaji ya dafa kafaɗar Mubashir. Bai taɓa yin haka ba.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗana. Ni na yi gaggawa, na tambaye ka tun ba ka ƙare ba. Saura shekara guda, ko? Koma ka ƙarasa. In ka kai wurin da ake koyar da wannan, ka buɗe kunne da kyau, ka zo ka gina muna wani."

"To, Kawu," ya ce.

Ya je tashar Kaura da jakarsa. Motar Zariya ta cika ta tashi yana zaune a benci, ta biyu ma haka. Da azahar ya ɗauki jakar ya shiga kasuwa, ya tarar da rumfar hatsi babu kowa a wurin awo, ya zauna. Alhaji ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya ga rumfar na bukatar mutum, ya bari. Har yanzu a nan yake. Ba ya ha'inci a mudu, ba ya kuma yawan magana. In ɗan kwangila ya zo sayen masara ya ji ana kiransa Injiniya ya tambayi dalili, sai maƙwabtan rumfa su ce laƙabi ne kawai.

Abin da al'amarin ya ci, in an jera shi: rayuka uku. Mota ɗaya, da gero da dawar da ke kanta. Ƙafar Ado ta dama, daga gwiwa. Siminti, rodi, da gumin samarin gari na bazara guda. Karatun shekara huɗu, babu takardar shaida. Mace ɗaya, matar Hafizu, da ta yi takaba da ciki, da yaro namiji da aka haifa bayan kaka, wanda bai da uban da zai yi masa huɗuba, sai aka miƙa wa Mubashir ya yi.