Aladen da Aka Ɓoye a Gonar Ayaba

Tun daga nesa Muwanga ya ji ƙarar babur ɗin likitar dabbobi. Ya ja ƙaton aladensa, wanda duk ƙauyen ke kawo wa aladu mata don barbara, ya kutsa da shi can ƙuryar gonar ayaba. Dabbar na ɗingishi, yawu na dalala, ƙuraje sun cika masa hanci.

“Baban Kato, ka ji tsoron Allah,” in ji matarsa. “Ciwon baki da kofato ne fa!”

“Ke rufe min baki! In ta gan shi za a rufe kasuwa wata uku, a ce ni na jawo wa gari.”

Likita Akello ta yi wa sauran aladun allura, ta tambayi ina ƙaton. Ya ce ai ya sayar, ko ƙiftawa bai yi ba.

* * *

Washegari maƙwabciyarsa Nabbosa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, ta koro aladiyarta.

“Ina angon? Yanzu kowa ya sha allura, hankali kwance.”

Maganar ta zo masa har leɓe, ya haɗiye. In ya hana ta, asiri ya tonu. Ya karɓi aladiyar, ya kai ta wurin ƙaton a gonar ayaba. Ina ya san allura sai ta yi mako biyu kafin ta kama jiki? A’a, ya sani sarai, a gabansa likita ta faɗa.

* * *

Kwana shida ciwon ya gama garken Nabbosa. Manyan suka koma cin dusa a durƙushe, ’ya’ya tara masu shan nono suka mutu rana ɗaya. Nasa ƙaton kuwa ya miƙe garau.

Kunya ta hana Muwanga zama, ya ɗauki fartanya ya je taya ta haƙa ramin binne su. Mutane sun taru, kowa na tsine wa likita.

“Allurar nan ce ta kashe su! Ta sake tako garin nan ta gani.”

Muwanga ya sunkuyar da kai yana ta sara, ya tsani kansa kamar ya faɗa ramin.

Da aka rufe ƙasa, Nabbosa ta durƙusa ta miƙa masa kofin ruwa da hannu biyu.

“Baban Kato, kai kaɗai ka zo da fartanya. Allah ya saka maka daidai da abin da ka yi min.”

Jama’a suka ce amin. Ya riƙe kofin, ya kasa kai shi baki.