Rufin Ɗakin Zayyanu

Tun da Zayyanu mai tumatir ya kama haya a gidan Alhaji Badaru a unguwar Agege ta Legas, kowace damina sai ɗakinsa ya yi yoyo. Ta bana ta fi kowace muni. Matarsa Mastura ta jera robobi da bokiti har da tukunyar tuwo a tsakar ɗaki, ta jingine katifa da bango.

Rannan da ya dawo daga kasuwar Mile 12 ya tarar da Alhaji a ƙofar gida yana jan carbi. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Alhaji, rufin nan fa ya gama aiki."

"Zayyanu, wa ke saukar da ruwa?"

"Allah."

"To ni ka kawo wa ƙara?"

"Ai rufin naka ne, ranka ya daɗe."

"Rufi nawa ne, ban musa ba. Hudar fa? Da na ba ka ɗakin akwai ta? A hannunka ta fito."

Da Mastura ta fara tari, Zayyanu ya sayo sabon kwano, ya kira kafinta. Alhaji ya zo ya tsaya a kansu yana sa albarka, sannan ya sa aka kwashe masa tsohon kwanon, wai kayansa ne. Da shi ya rufa wa awakinsa turke.

Ba a daɗe ba ya aiko a kira Zayyanu.

"Ɗakinka yanzu ya zama mai sabon rufi. Ka san kuɗin irinsa daban ne."

"Ni fa na yi rufin!"

"Madalla. Kai ne ma shaida."

Zayyanu ya nemi wani ɗaki a unguwar Ogba. Ranar tashi, bayan an loda kaya a mota, kafinta ya hau sama ya fara ɓamɓare kwano. Alhaji ya fito da gudu, hula a hannu.

"Ɓarawo! Gidana za ka rushe?"

"Nawa nake ɗauka, Alhaji. Kawo naka a mayar maka yanzu."

Alhaji ya waiga wajen awaki, ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗo. Motar na tashi, Zayyanu ya jiyo shi yana ƙwala wa sauran 'yan haya kira, wai su fito a yi taro, matsala ta samu gidansu gaba ɗaya, kowa ya kawo gudummawa.