Inuwar Jirgi a Kan Taɓo

Nderitu ya fara tuƙa wa ƙungiyar Harbans Singh motar tsere tun kansa ba furfura ko ɗaya, amma tun da aka ɗauko Lemayian, matashin direba mai fararen haƙora, sai ya koma kamar tsohuwar taya a bayan gareji. Fuskar Lemayian ce a allunan talla daga Nairobi har Naivasha. 'Yan jarida in sun tare Nderitu, tambayarsa suke yi ina yaron yake. Yakan nuna musu da fara'a, abin kuwa yana cinsa a ciki kamar gara.

Da safiyar ranar ƙarshe ta tseren, Lemayian ne a gaba, Nderitu na biye. Singh ya tara su ya maimaita ƙa'idar da ya gada wurin mahaifinsa, cewa motar ƙungiya ba ta wuce 'yar'uwarta a maƙale, sai in na cikinta sun ɗaga koren allo, alamar a wuce.

An kwana ana ruwa, baƙar ƙasar kwarin ta zama kunu. Su Nderitu na karyo kwana sai ga motar Lemayian ta nutse har ƙofa, shi kuma yana tsaye cikin taɓo yana ɗaga hannu biyu, babu wani koren allo. Nderitu ya gan shi sarai. Wani sanyi mai daɗi ya ratsa ƙirjinsa, bai ɗaga ƙafarsa daga totur ba. Wekesa, mai karanta masa hanya, wanda suka tsufa tare a mota ɗaya, ya daina karatu.

Sun ɗan gota ke nan sai inuwar jirgin saman masu ɗaukar hoton talabijin ta faɗo kan motar. Nderitu ya taka birki, ya dawo da baya, ya fito da igiya. Kafin su ciro motar Lemayian tasu ta yi zafi, dole suka ƙarasa a hankali. Lemayian ne ya ci kofin.

A wurin gamawa, 'yan jaridar nan suka bar mai kofi suka yanyame Nderitu. Lemayian ya ratso su, ya yafa masa jan mayafinsa na Masai, ya gaya wa duniya cewa wannan ubansa ne. Aka tambayi Nderitu abin da ya zo masa a rai da ya hango yaron. Ya ce ƙungiya gida ce, har ya ji daɗin yadda maganar ta fito.

Da aka watse, ya sami Wekesa a bayan tanti yana cin gasasshen naman akuya.

"Tsoho," in ji Wekesa, bai ɗago ba, "ashe birkinka daga sama ake taka shi."

Nderitu ya zauna. Can ya tambaye shi ko zai gaya wa Singh.

"In gaya masa me? Ka tsaya ai. Ci nama, uban yaro, kada ya huce."

Nderitu ya ɗauki tsoka ɗaya.

Ba a daɗe ba kamfanin lemon da ke ɗaukar nauyinsu ya kafa sabon allo a hanyar Naivasha: Nderitu da Lemayian cikin taɓo, igiya a tsakaninsu, an rubuta Amana a ƙasa. Nderitu ya yi ta kauce wa hanyar, don ya san abin da kalmar ta rufe. Ranar da dole ta bi da shi ta wurin, ya tsaya a gefen titi ya ɗaga kai, yana jiran kunya ta kama shi. Abin da ya fara lura da shi kuwa, fuskar Lemayian ta fi tasa girma.