Hoton Ƙaramar Salla a Gidan Mamuda

Gidan Mamuda Mai Hoto a garin Ƙofa ba gidan rashi ba ne. Akwai gero a rumbu, akwai awaki a garke. Mamuda ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ɗansa Bishir ne ke riƙe da gidan, shi da matarsa Sa'a da 'yarsu Fauziyya mai shekara tara. Abin da suka rasa a shekarar nan fim ne, irin wanda ake sa wa tsohuwar kyamarar Mamuda.

Duk ƙaramar Salla, in an sauko daga Idi, Mamuda kan jera iyalinsa a ƙofar zaure ya ɗauke su. Hoton waya kuwa bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. To amma kamfanin ya daina yin fim ɗin, ɗan abin da ya rage a hannun 'yan kasuwa kullum tashi yake yi.

Saura kwana uku Salla, Bishir ya ɗauki Fauziyya a babur suka tafi Kankiya wajen Dauda mai shago.

"Ƙwaya biyu suka rage mini," in ji Dauda. "Kuɗinsa ya ninka na bara sau uku. Wankinsa ma sai an kai Kano."

"Ai kuɗin buhun taki ke nan."

"Ni ma haka na saye shi."

Bishir ya juya kwalin a hannunsa, ya ajiye. Taki suka saya. A hanya ya ce, "Kada kakanki ya ji."

Tun da idon Mamuda ya raunana, Bishir ke sa masa fim. Ranar Salla Fauziyya tana kallo ya buɗe bayan kyamarar, ya rufe ta ba komai a ciki, ya miƙa wa tsohon. Suka jeru.

"Ke amarya, saki fuska, ko in auro wata," Mamuda ya tsokani Fauziyya.

"Wa za ta aure ka ba haƙori?" ta ce, ba tare da dariya ba.

Ya sa babban yatsa ya murɗa hannun da ke jan fim. Hannun ya tafi sakayau, ba abin da ya riƙe shi. Yatsan ya tsaya. Ya sake murɗawa a hankali.

"Bishir."

"Na'am, Baba."

Mamuda ya ɗaga kyamarar zuwa idonsa. Akuya ta ratsa ta gabansu, ba wanda ya kore ta.

"Matsa dama kaɗan, ka kare Sa'a."

Bishir ya matsa. Mamuda ya danna, ya sake dannawa har sau biyar, shi da bai taɓa yarda a yi asarar ɗauka ko ɗaya ba. Ya mayar da kyamarar jakarta, ya nemi a kawo masa fura. Bai tambayi ranar da za a kai wanki ba.

Fauziyya ta gane kakanta ya san ba fim a ciki, kuma ba zai faɗa ba.