Sarauniyar da Khairiyya Ta Ajiye

Khairiyya ta ɗaga sarauniyarta ta ajiye ta a bakin dokin malaminta, ta danna agogon wasa, ta mayar da hannayenta cikin hijabi kamar wadda ta gama aikinta na yau.

Abdulfatah ya dubi allon, ya sake dubawa. Ko wanda ya yi wata guda yana koyon ces, darar nan ta Turawa, ya san ba a ajiye sarauniya a nan. Doki zai tsallako ya ɗauke ta a banza, wasa ya ƙare. Ya nemi tarko, don yarinyar gwanar tarko ce, shi ya koya mata. Ya bi ta dama, ya bi ta hagu, bai ga komai ba. Kyauta ce kawai aka miƙo masa.

Zagayen ƙarshe ke nan na gasar jiha, a ɗakin taron wata sakandare a Gumel, ranar Asabar da hantsi, ga zafi ga fankoki a tsaye babu wuta. Mutum ɗaya za a tura Abuja. Gudaji na Gagarawa ya ci nasa wasan ya zo ya tsaya kallo, amma ya san duk wanda ya yi nasara tsakanin malami da ɗaliba zai wuce shi da maki. Shi ya sa ya jingina da bango yana fifita da hularsa.

Abdulfatah kuwa, Allah sarki, shekararsa ashirin da shida, rabinsu a kan allon nan ya ƙarar. A tashar Maigatari ya koya, wurin wani direba ɗan Damagaram da ya maye gurbin soja ɗaya da murfin kwalba. Kafin ya kai sha takwas babu mai iya zama gabansa a duk yankin. Sau uku yana zuwa Abuja, sau uku yana dawowa da takardar yabo da ciwon kai. Yayansa Bilya mai manyan motoci a tashar Maigatari ya gaji. A gaban mahaifiyarsu ya ce masa, "Bana ne ƙarshe. In ba ka fito ba, ka naɗe tabarmar nan ka zo tasha ka riƙe min motoci." Shi kuma ya ce ya amince. Maganar da aka yi gaban uwa ai ba a janye ta.

Ita Khairiyya 'yar garin Sule Tankarkar ce, tana karatun malanta a Gumel. Rakiyar ƙawa ta zo barandar da yake koyarwa kyauta, shekara uku da suka wuce. Ƙawar ta gaji a sati biyu, ita ta zauna. Tun bara ya lura in yana wasa da ita sai ya ji gumi a tafin hannunsa. Yau ma tun motsi na ashirin take matsa masa, har sai da ya tsaya ya sha ruwa, amma a ganinsa da sauran numfashi.

Ya kai hannu wajen dokin, ya tsaya bai taɓa ba. Motsi ɗaya, sai Abuja. Babu wanda zai ce komai, za a ce yarinya ce, ta firgita. Ya ɗaga ido. Kanta a sunkuye, ba ta ko kallon allon. Mai kuskure yakan ciji yatsa, ita kuwa fuskarta a kwance take.

Sai ya tura wani soja na can gefe, wanda bai tsare wa kowa komai ba, ya danna agogo.

'Yan kallo suka yi guna-guni. Khairiyya ta ɗago a karon farko, idonta ya yi ja. Maimakon ta janye sarauniyar, sai ta ƙara turo dokinta inda za a cinye shi.

"Ke," ya ce ƙasa-ƙasa, leɓensa kawai ke motsi. "Me kike yi haka?"

"Wasa nake, Malam."

"Wannan ba wasanki ba ne."

Ta mayar da idonta kan allo. Shi kuma zuciya ta ɗebe shi, ya fito da sarkinsa tsakar fili, wurin da ko makaho zai kama shi. Ta kau da kai ta tura soja. Ya ƙara matso da sarkin. Ta ƙara tura soja. Haka fa suka yi ta yi, kowa na miƙa wuyansa, ɗayan na ƙin yanka, har wani dattijo a cikin masu kallo ya ce, "To wannan kuma wace irin dara ce, ta surukai?" Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye.

Alƙalin wasa, Malam Abduljabbar, wanda aka turo daga Dutse, ya daɗe a tsaye a kansu. Ya sa hannu ya tsayar da agogo. Ya karɓi takardun da suke rubuta motsinsu, ya gyara tabarau ya karanta.

"Malam Abdulfatah, ka ga sarauniyar nan?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Me ya hana ka ci?"

"Ba a ba ni ita da gaskiya ba."

Alƙali ya juya. "'Yata, kuskure kika yi? Ki yi tunani kafin ki amsa. In kuskure ne, kuskure ne, kowa na yi."

Mutumin kirki ne, ƙofa ya buɗe mata. Amma yarinyar ba a saba mata da ƙarya ba.

"Ba kuskure ba ne, Baba."

Ya cire tabarau ya murza idonsa. "Ni ma ina da malamai, na san abin da ke ranki. Amma in na sa hannu a takardar nan, gobe kowa zai zo da wanda zai bar masa. Ke kin ba da wasa da gangan, kai ka mayar da gangan, kuma kun yi magana a kan allo. Ba ni da yadda zan yi." Ya rubuta sifiri a gaban sunanta, ya rubuta sifiri a gaban sunansa.

Gudaji ya daina fifita. Da aka kira shi ya karɓi kofi, sai da aka kira sau biyu.

Bayan azahar Abdulfatah ya same ta a gindin darbejiya a bakin ƙofar makarantar, tana jiran adaidaita. Ya tsaya ɗan nesa, jakar allunan a kafaɗarsa.

"Wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni." Ta share hanci da gefen hijabi. "Jiya na kira kakata, Iya Sabuwa, na ce mata da ku zan kara. Ta ce, wanda ya koya miki? Na ce shi. Ta ce, 'yar nan, ki yi duk abin da za ki yi, kada ki kunyata malaminki a gaban jama'a, albarkar karatun za ta bi shi ta bar ki."

"Iya ta san ces ne?"

"Ba ta sani ba. Amma ta san malami." Ta ɗago ta dube shi. "Kuma na ji maganar tasha, Malam. In kun tafi, wa zai buɗe mana baranda?"

Ya so ya yi mata faɗa, ya ce shekara uku yana koya mata ta ci kowa, bai taɓa cewa ban da shi ba. Sai ya tuna bai taɓa cewa har da shi ba kuma. Ya sauke jakar ƙasa.

"Shi ke nan, ya wuce. Ai da kin bari an yi wasan gaskiya. Kin matsa min, amma da sauran numfashina. Da ban faɗi ba."

Ta juya tana duban titi.

"Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Malam."

Ya san wannan muryar. Da ita take amsawa in ya yi kuskure a darasi. "Faɗa min. Da ba ki ajiye sarauniyar ba, me za ki buga?"

Ta dubi ƙasa, ta fara faɗa a hankali, ba allo ba takarda. Doki nan. In kun ci da soja, sarauniya nan. In kun gudu, sai wannan. Yana bin ta a kansa, yana neman mafita a kowane motsi. A na huɗu ya daina nema. A na biyar sarkinsa ya mutu, babu ko ƙofa ɗaya. Minti arba'in ya yi yana kallon allon nan ɗazu, bai hango ba.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun kafin ku sha ruwa."

Adaidaita ta zo ta tsaya, direban ya leƙo yana tambaya ko masu tafiya ne. Abdulfatah ya ɗauki jakar allunan ya sa mata a kujera.

"Malam, taku ce."

"Ranar Laraba ƙarfe huɗu yaran baranda suke zuwa, kin sani. Ki fara da ƙananan."

Ta buɗe baki, ya yi wa direban alama ya ja. Ya tsaya har suka sha kwana, sannan ya tsallaka titi wajen masu motocin Maigatari, ya tambaya ko da sauran wuri.